Tafin Injin da Ya Ƙone

Alhamis da dare, Samaru, 2006

Tun da tsohon injin kiɗa na situdiyon Oga Emeka a Sabon Gari ya ƙone, kaset ɗin mawaƙan cocinmu ya tsaya a rabi. Da gangar injin da tafinsa aka ɗauki waƙoƙin farko, dole sauran su yi kama da su. Shi ya sa nake ta ƙoƙarin kwaikwayon sautin injin da piyanon lantarki. Yau Baba Dogara, shugaban mawaƙa, ya ce a gaban kowa, "Rifkatu, ki daina wahalar da piyanon nan. Za mu kira wani yaro daga Kaduna."

Wani yaro! Ni da nake danna piyano tun ina sakandare?

Gangar ba ta ba ni wuya ba. Na sauke sautin can ƙasa, na datse masa jela, ya ce dum. Tafin ne ya ƙi. Duk yadda na yanka sautin shuuu da ke cikin piyanon, sai ya fito kamar an mari bokiti. Da yamma ina jin matan zumunta suna tafi a cocin bayan situdiyo, sai na lura hannayensu ba sa sauka tare. Na koma na jera shuuu uku, kowanne na bin ɗan'uwansa da tazara kaɗan.

Ina kunnawa Oga Emeka ya leƙo da sauri, "Wa ya gyara injina?"

Gobe zan kunna wa Baba tsohon tafin da ke kaset da sabon, ba zan gaya masa wanne ne nawa ba. In ya iya rabewa, ya kira Kaduna. In ya kasa, ya kira sunana a gaban kowa, da ƙarfi, kamar yadda ya yi yau.