Na Sa An Miƙe Sitiyarin, Baba Yana Zargin Hannunsa

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. A ɓoye sunana. Mai zagi ya haƙura ya kai ƙarshe tukuna, na riga shi zagin kaina.

Shekarata ashirin da huɗu, aurena ya mutu bara, na dawo gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Wanda bai taɓa zawarci ba ba zai gane ba: gida cike da mutane amma ba mai yi da ke. Ƙawayena na sakandare duk suna ɗakin mazajensu, in na kira sai "zan kira ki", shiru. Umma ba ta min magana sai ta aike. Baba ne kaɗai yake zama da ni. Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ranar da na dawo yayyena suka taso min, shi ya tsawatar, ya ce, "Uwata tana da baki, amma ba ta ƙarya."

Shekara biyu da suka wuce Baba ya yi shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren hagu. Ya sha gashi a asibiti har Allah ya tashe shi, kuma ba abin da ya faranta masa rai kamar ranar da likita ya ce ya koma tuƙi. Tsohuwar motarsa ce ƙafarsa. Da ita yake zuwa masallacin Juma'a da majalisar abokansa 'yan fansho a Tarauni.

Wata biyu ke nan, abokinsa ya ɗauke shi zuwa ɗaurin aure Wudil, Umma ta tafi suna. Na ɗauki makulli. Ina za ni? Wallahi babu. So nake kawai in fita in ga mutane. Na iya tuƙi tun a gidan miji, amma ba ni da haƙuri. Wani mai adaidaita ya tsaya min a gaba, na fizgi mota zan wuce shi, ƙafar gaba ta daki bakin kwalbati. Da na hau titi sai na ga mota na tafiya sak amma sitiyari ya karkace.

Na shiga wani gareji a Unguwa Uku. Bakaniken ya leƙa ƙasa ya ce wani ƙarfe ya lanƙwashe, sai an sayo sabo, sannan a kai ta wajen masu alaimen su saita ƙafafun. Aikin gobe ne. Na ce gobe? Baba na dawowa la'asar!

Ya ce, "To Hajiya, sai dai in cire sitiyarin in mayar da shi a miƙe. Ido zai ga daidai, amma ciwon na nan a ƙafa."

Na ce, "Malam, wa'azi na zo ji? Yi abin da na ce."

Ya yi. Na mayar da motar inuwar da na same ta, har na share sawun taya da tsintsiya.

Bayan sati biyu Baba ya kira ni falonsa, ya tura ƙofa. Ya ce, "Uwata, wani ya taɓa motar nan?" Na ce a'a. Ban ko ƙifta ido ba. Ya ɗaga hannunsa na hagu yana kallo. Ya ce mota tana janye masa gefe, sai ya yi ta kokawa da ita. Na ce a kai gareji mana. Ya ce, "Shekara talatin ina tuƙi. In ƙafar mota ta goce, sitiyari ne yake fara faɗa. Ga shi nan a miƙe. Ba motar ba ce, hannun ne ya fara mutuwa kuma." Ya roƙe ni kar in gaya wa Umma, hawan jininta zai tashi. Ni kaɗai ya faɗa wa. Ni!

Tun ranar bai sake tuƙi ba. Makullin na aljihunsa, balle in sace ta in gyara, kuma ko na gyara wa zai sa shi ya hau? Ya daina zuwa majalisa, wai ba zai je a adaidaita su gane ba. Yana zaune a tsakar gida yana matsa ƙwallon roban da aka ba shi a asibiti, in ya ji tafiyar Umma ya tura ƙarƙashin darduma. Ya rame. Jiya ya ce in riƙe masa kofin shayi, yana tsoron kar ya suɓuce. Hannun da lafiyarsa ƙalau! Wace irin 'ya ce ni? Sau uku ina zuwa bakin ƙofarsa da niyyar faɗa, in ya ce "Uwata, shigo" sai in ce ruwa na kawo.

Na san in na faɗa zai warke a ranar. Na kuma san ba zai zage ni ba, kallona kawai zai yi, daga nan ba ni da kowa a gidan nan. Yau da safe ya sa Yaya Sagir, babban wanmu, ya kira dillali. Ranar Asabar za a zo ɗaukar motar, kuma Baba ya ce ni zan miƙa makullin, shi ba zai iya fitowa ya gani ba.

Yau Laraba. Don Allah, me zan yi?