Ina so in bar bankin Rekiya, amma tikitina yana can

Anti Madina, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in hau jirgi, saura kwana goma sha biyu bizata ta ƙare. Daga Guangzhou nake rubuto miki. Jaridarku takan iso mana a jakar masu zuwa daga Kano, wani lokacin ma an naɗe kilishi da ita, amma filinki ba ya wuce ni.

Ni 'yar kasuwa ce, ina da shago a Kantin Kwari, kayan yara da dogayen riguna nake sarowa a kasuwar Canaan ta nan Guangzhou. Shekara huɗu ke nan da rasuwar maigidana, da kuɗin takabata da ɗan gadon da ya faɗo mini na fara. Lokacin da na je buɗe asusun kasuwanci, irin wanda ake rubuta wa cak, aka ce sai na kawo mutum biyu masu irin asusun su tsaya mini. Ban da kowa. Rekiya ce ta fitar da ni kunya. 'Yar Okene ce amma a Fagge muka tashi, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, Yaya take ce mini. Ita ke aiki a bankin, ita ta bi kwastomominta ta roƙe su har biyu suka sa mini hannu ba su taɓa ganina ba. Tun daga ranar duk wata takarda da ofishin jakadanci ya nema, kafin in gama faɗa ta buga ta aiko.

A watan Janairu bankin nasu ya fito da garaɓasa ga masu zuwa China: duk wanda ya zuba kuɗi zuwa wani adadi kowane wata, wata goma sha biyu a jere ba fashi, za a ba shi tikitin zuwa da dawowa kyauta. Na shiga, yanzu ina wata na takwas. Matsalar ita ce bankin nan yanka yake yi kamar mahauci. Duk dubun da ta fita sai sun cire kamashonsu, katinsu kuma a nan ba shi da maraba da katin ɗaurin aure. Ranar da ya fi ƙona mini rai, na gama ciniki da wata lawban a Canaan, wato mai shago, mun sha fama da kalkuleta har ta sakko, na je na'urar cire kuɗi ta tofo mini katin sau uku. Kafin in haɗo kuɗi wurin 'yan'uwa in dawo, sai mai shagon ta kaɗa mini hannu, wai mayo, babu, wani ɗan Mali ya kwashe.

Ramatou, 'yar Maraɗi da muke hayar ɗaki ɗaya, ita ta yi ta yi mini dariya, wai na auri banki. Da na koma gida a watan Maris na buɗe asusu a wani sabon banki. Su ba sa cire kamasho in dai kuɗi na shiga kowane wata, katinsu kuma yana aiki a nan lafiya lau. Su ma sun nemi masu tsaya mini. Wannan karon ban sha wahala ba, maƙwabcina a Kwari, Alhaji Alhasan, ya sa hannu, shi da wani. Na roƙe shi ya rufa mini asiri, don shi ma a wurin Rekiya asusunsa yake.

To ga abin da nake yi, kuma ina jin nauyin faɗa. Cinikin shago duk sabon banki yake tafiya. Ƙarshen wata sai ƙanwata da ke tsare mini shago ta ɗebo kuɗin ta zuba a na su Rekiya don kada tikitina ya karye, bayan kwana uku ta rubuta cak ta mayar. Na bar mata cak da yawa na sa hannu. Kuɗi ɗaya ne yake ta safa da marwa, kowane banki yana zaton shi ne na gaban goshi.

Yanzu abu ya haɗe mini. Saboda wasannin Olamfik an tsaurara, an daina sabunta mana biza a Hong Kong, an ce kowa ya koma ƙasarsa ya nema, da takardar shige da ficen kuɗi ta wata shida. Sabon bankin kuma suna ta kira, wai in na rufe tsohon asusun na dawo gaba ɗaya za su ƙara mini yawan abin da zan iya cira a rana. Ramatou ta ce in daure zuwa Disamba, in karɓe tikiti, in rufe, ba wanda ya haifi wani. Sai ga saƙon Rekiya shekaranjiya. Wai an ba ta zuwa ƙarshen Satumba ta cika taget, wato adadin kuɗin ajiyar da aka ɗora mata ta kawo, ko a sallame ta, in na san wasu 'yan kasuwa a nan in yi mata magana. Ko kalma ɗaya ba ta ce a kan nawa asusun ba. 'Ya'ya uku gare ta, mijinta malamin firamare ne.

Anti, wallahi da na karanta sai da na zauna a kan dilar kaya. Ba ta san komai ba, tana can tana ganina da mutunci. Na shiga kasuwar Shisanhang na saya mata jaka mai kyau, na dawo ina kallon jakar ina jin haushin kaina. Ina son tikitin nan, ba zan ɓoye miki ba, ina son katin da ba ya kunyata ni, kuma ba na so a kori Rekiya da hannuna a ciki. In ci gaba da juyawa a ɓoye har Disamba? In rufe in huta? Ko in koma mata gaba ɗaya in haƙura da yankan?

Taki,
'Yar Kwari a Guangzhou

'Yar'uwa 'Yar Kwari,

Ki kwantar da hankalinki, ajiya a banki biyu ba laifi ba ne. Gaskiyar Ramatou a nan, banki ba miji ba ne, kuma wadda kati ya kunyata a gaban kaya tana da ikon neman wanda zai yi mata aiki. Ba sai kin rufe wani kafin ki more wani ba, masu matsa miki ki rufe su ma taget suke bi.

Juya kuɗin nan ne ban yarda da shi ba, ko a lissafin kasuwa. Duk fitar da ya yi daga tsohon banki ana yankan kamashon da kika gudu. Ki sa ƙanwarki ta karɓo takardar asusun, ku tara abin da aka cire tun Maris, ki ƙara na wata huɗu masu zuwa, sannan ki tambayi kuɗin tikiti. Ba mamaki ki tarar da kanki kike saya wa kyautar. Ki kuma nemi sharuɗɗan garaɓasar a rubuce, don akwai bankunan da ba sa ƙirga kuɗin da bai yi mako a ciki ba. Sannan ki karɓe cak ɗin da kika sa wa hannu ba adadi. Ba zargin ƙanwarki nake ba, jaka tana faɗuwa a a-daidaita.

Kada ki rufe komai kafin biza ta fito. Asusu mai shekara huɗu ya fi na wata biyar nauyi a gaban mai dubawa, kuɗin da ke shiga ya fita bayan kwana uku kuwa kama yake da na aro. Abin da zan ce ki yi shi ne rabo na gaskiya. Cinikin shago ya riƙa shiga wurin Rekiya ya zauna, kuɗin sari kaɗai ki riƙa turawa sabon banki in tafiya ta matso. Ki tambayi kowannensu mafi ƙarancin kuɗin da zai riƙe miki ladansa, tikiti a tsohon, rashin kamasho a sabon. In cinikinki ya ɗauki biyun, madalla. In bai ɗauka ba ki zaɓi ɗaya da idonki a buɗe.

Saura maganar da ta fi duka. Na yi shekara tara a banki kafin in kama alƙalami, don haka ki saurare ni. Takardar da mai tsaya wa mutum ya sa wa hannu ba a aljihun sabon banki take kwana ba. Bankinsa ake aika wa su tabbatar da sa hannun, kuma mai kula da asusunsa ake miƙa wa. Takardar Alhaji Alhasan, da sunanki a kai ɓaro-ɓaro, teburin Rekiya ta sauka tun watan Maris. Ita ta duba, ita ta buga hatimi ta mayar, da ta riƙe ta da asusunki bai buɗu ba. Cak ɗin da ke kwashe kuɗin duk wata ma ta gabanta yake wucewa. Wata biyar ke nan ta sani, ta yi shiru don kada ta ba ki kunya, har aikinta ya zo gargara ta roƙe ki kwastomomin wasu, ba ta roƙi naki ba.

Ba na ce ki ɗauki taget ɗinta a kanki ba, asusunki kaɗai ba lallai ya cece ta ba, kuma ba ke kika ɗora mata ba. Amma ki daina ɓoye mata abin da take kallo. Ki kira ta yau, ki faɗa mata da bakinki, har da labarin katin da kayan da ɗan Mali ya kwashe. Ta fi kowa sanin yadda za a tsara miki rabon, wataƙila ma ta roƙa miki ragin kamasho. Ki kuma zagaya 'yan'uwa a Canaan, masu komawa gida neman biza suna da yawa a watan nan, kowa kuma zai buƙaci mai buga masa takarda da wuri.

Jakar ki kai mata, amma muryarki ta riga jakar isa. Allah ya kawo ki gida lafiya, ya sa bizar ta fito, ya tsare wa Rekiya abincinta.

Anti Madina