Rezata ce ta ja wa Baba ciwo, amma Iya ake zargi

Salamu alaikum 'yan wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni ban yi dogon karatu ba, yadda abin yake zan faɗa.

Wankin hula nake yi a Mandawari, shekaruna sun kusa hamsin. Mahaifinmu shekara biyu ke nan yana kwance, shanyewar ɓarin jiki ga suga. Ni nake masa wanka, don bai yarda kowa ya ga tsiraicinsa ba sai ni da matarsa Iya, wadda ta riƙe mu tun rasuwar mahaifiyarmu. Malami ne, ba ya bari gashin mara ya kwana arba'in, Iya kuma hannunta rawa yake, shi ya sa askin ya dawo kaina.

Kwanaki wasu ƙuraje suka fito min a mara da matsematsi, suna tara mugunya. Na ɓoye, ina matsewa ina shan jiƙo, sai da tafiya ta gagara na je asibiti. Likita ya ce staf ne, ƙwayar cuta ce da take zaune a fatar mutum, in ta samu yanka ta shiga, ba sai ta neman mata ba. Ya tsaga, ya ba ni magani ya ce in shanye duka, in bar matsa, in riƙa gasawa da ruwan ɗumi, kada kowa ya taɓa rezata ko tawul ɗina. Nan gabana ya faɗi, don kwana huɗu kafin nan da rezar na yi wa Baba aski, har na ɗan yanke shi.

Yanzu wajen da na yanke Baba ya kumbura, ga zazzaɓi. Yayanmu Alhaji ya zo ya yi ta faɗa, wai ƙazantar Iya ce, ba ta canza shimfiɗa. Ƙanwata ta ce dama ana ta lallaɓa tsohuwa kamar ƙwai. Iya dai cewa take Allah ya gani, kullum tana tsugune tana wankin zannuwa, hannunta duk ya saɓule. Jiya ma ita ce take ce min ɗan nan ka rame, ka ci abinci kuwa?

Baba ya ce ba zai je asibiti a buɗe shi gaban yara ba. Alhaji ya yanke hukunci ranar Juma'a zai ɗauke shi zuwa gidansa a Zaitawa, daga can asibiti ko da tsiya, Iya kuma ta koma wajen danginta. Shekara arba'in da wani abu suna tare da Baba.

In na faɗa, na san bakin gidanmu, cewa za a yi mata nake bi, zancen kuma sai ya je kunnen matata da 'ya'yana. In na yi shiru an kori wadda ta yi min wanka ina yaro. Wallahi na gaji. Wa zan fara samu, Alhaji ko ita Iyar? Kuma da wane baki zan fara?