Takarar Baban Fiddausi da Shagon Yaya

Al Thumama, Doha
Ƙarshen Disamba, 2022

Zuwa ga Yaya Shetu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da yara da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Na ba Khadijat, abokiyar aikina da za ta kawo miki takardar nan, maganin shafawa irin wanda ya yi miki amfani bara. Ki daure ki riƙa shafawa, kuma ki rage daɗewa a kan keken ɗinki. Allah ya ƙara sauƙi, ya jiƙan mai gidanki Malam Gado, ya raya abin da ya bari. Mu nan lafiya muke, sai gajiya. Fiddausi tana shirin jarrabawar gama sakandare. Abdulhakeem kuwa ya yi tsawo har ya wuce ni, Hausarsa ce dai take ta gajarta, kullum sai na yi masa faɗa a kan haka.

Yaya, na ɗauki biro ne domin kin daina ɗaukar wayata, kuma ban ga laifinki ba. Na san kin ga bidiyon nan da ke yawo, inda Baban Fiddausi yake tsaye yana cewa idan ya zama shugaban ƙaramar hukumar birni zai rushe shagunan da aka gina a kan lambatun Bakin Rafi. Na san kuma shagonki yana cikinsu, shagon da Malam Gado ya bar miki, wanda da shi kika ciyar da marayu har suka kawo ƙarfi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a wayar wasu kika ji, ba daga bakina ba. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, zan faɗa miki yadda aka yi tun daga tushe.

Shekarun nan uku ban san yadda suka wuce ba. Lokacin korona a sashen masu cutar aka sa ni a asibitinmu. Nakan yini cikin rigar leda da takunkumi har fuskata ta yi shaida, idan na dawo gida kuma ba na barin yara su matso kusa da ni. Mun rufe idanun mutane da yawa waɗanda danginsu suke wata ƙasa, ni ce mai riƙe musu waya su yi sallama. Ba mu gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga gasar cin kofin duniya. Gidanmu kusa yake da filin wasa, aka rufe mana hanyoyi, asibiti ya cika da baƙi, hutun kowa aka soke. Ranar da Maroko ta ci Portugal a nan unguwarmu, mutane suna ta rawa a titi, ni kuwa ina cikin mota ina roƙon Allah a buɗe hanya in je in miƙe ƙafafuna. Yanzu baƙin sun watse, garin ya yi tsit, sai na ji kamar yanzu ne gajiyar ta sauko mini gaba ɗaya. A cikin wannan hali ne maganar takara ta zo ta same ni.

Kin san rasuwar Inna Safiya, mahaifiyar Baban Fiddausi, ke ma kin je gaisuwa. Amma ba ki san yadda ya ji ta a nan ba. Daminar shekarar korona ce, an rufe filayen jirgi, ba mai shiga ba mai fita. Da hantsi ƙaninsa Usaini ya kira shi ta bidiyo, ya ce jikin Inna ya tashi, ga mota a bakin titi amma ta kasa shiga lungu saboda ruwa ya kai cinya. Yana kallo aka ciro ƙyauren ƙofa aka ɗora ta a kai, maza suka ɗauka suna lalube da ƙafa kada su faɗa rami. Kafin su kai titi rai ya yi halinsa. Bai yi kuka a gabana ba. Ya ajiye wayar, sannan ya ce: “Shekara goma sha ina gina magudanan ruwa a ƙasar da ba a ruwa, uwata kuma ta mutu a kan ƙyaure.” Kashegari ya sa hularsa ya tafi aiki, domin a lokacin suna tsakiyar aikin magudanan filin wasa, ba a ba kowa uzuri.

Tun daga ranar ya zama wani mutum. Teburin cin abincinmu ya koma wurin baza taswirar birninmu. Ya sa Usaini yana bin unguwanni a babur yana ɗauko masa hotunan kwatoci da bola da wuraren da ruwa ke kwanciya. Da farko na ɗauka hanyar da zai bi ya sauke baƙin ciki ce, na ƙyale shi. Ashe abin ya wuce nan. Idan kika zauna da shi zai gaya miki cewa shekararsa ta farko ba zai gina sabon abu ko ɗaya ba, ba ƙofar gari, ba shatale-tale, ba sabuwar sakatariya. Yashe kwatoci kawai za a yi kafin ruwan fari. Ya ce kowace mazaɓa za a ɗauki matasanta, waɗannan da ake kuka da su a kan ƙwacen waya, a ba su kura da shebur da takalman roba, su ne masu kwashe sharar unguwarsu, kuma dattawan unguwa ne za su shaida an yi aikin kafin a sallame su. Na tambaye shi wa ya gaya masa yaron da ya saba riƙe wuƙa zai yarda ya riƙe shebur. Ya ce ba duka ba, amma ko rabinsu suka yarda an rage.

Yana da magana a kan 'yan adaidaita sahu ma, wai a ware musu wuraren tsayawa a daina bin su da sanda. Yana da ita a kan ruwan sha: ya ce rijiyoyin burtsatse da suka mutu a birni sun fi masu aiki yawa, gyara su ya fi haƙa sababbi, kuma 'yan ga-ruwa a haɗa su cikin tsarin kada a kashe musu abinci. Ni na sa baki a wuri ɗaya kawai. Na ce masa duk ƙaramin asibitin unguwa da ba shi da wuta da ungozoma kango ne, ya rubuta ya saka. Gaskiya, Yaya, idan yana bayani sai ki ji kamar gobe birnin zai gyaru. Sai dai ni na ga yadda aka yi gyaran nan garin. Na ga 'yan ƙasashe daban-daban da aka riƙa kawo mana asibiti daga wuraren gini, zafi ya kayar da su. Na san duk titin da ya yi kyau akwai wanda aka matsar, akwai wanda ya sha wuya ba a ambaci sunansa ba. Ban dai taɓa kawowa a raina cewa wannan karon yayata ce ba.

Ga yadda bidiyon ya samo asali. Cikin waɗanda suka zo kallon ƙwallo daga gida akwai Alhaji Gafaru, wani jigo a jam'iyyar da yake neman tsayawa a cikinta. A gidanmu ya sauka. 'Yan Najeriya mazauna nan suka shirya masa walima a wata gona a Umm Salal, da yamma, aka gasa rago, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a duk suka hallara. Aka ce Injiniya Mijinyawa, wato Baban Fiddausi, ya tashi ya faɗi abin da ya tanadar wa birni. Ina ɓangaren mata ina ji. Ya yi ta bayani ana tafi, har ya zo kan Bakin Rafi. Ya ce duk kwatar da aka yashe a birni can take zubawa, kuma an zuba kankare a kan babban lambatun an jera shaguna, ruwa ba shi da hanya sai gidajen mutane. Ya ce muddin shagunan nan suna wurin, sauran aikin banza ne. Tafi ya tsaya. Alhaji Gafaru ya yi dariya, ya ce wannan magana ce ta bayan zaɓe, a cire ta tukuna, masu shaguna suna da ƙuri'a kuma suna da baki. Shi kuwa ya ce ba zai nemi ƙuri'ar mutum yana ɓoye masa katafila a bayansa ba. Wani ya ɗauka a waya. Kafin Alhaji ya hau jirgi, abin ya riga shi isa gida.

An yanke bidiyon, wannan gaskiya ne. Inda aka yanke ya ce ba za a taɓa shago ko ɗaya ba sai an gina wa masu su wasu a filin tsohuwar tasha, an miƙa wa kowa makullinsa. Amma ba zan yaudare ki ba. Ko da an bar wannan ɓangaren, shagonki zai tashi daga inda yake. Matan da suka saba tsayawa wurinki a hanyar kasuwa ba lallai su bi ki tasha ba. Kuma ni da ke mun san yadda ake rabon sababbin shaguna a garinmu, mun san su wa suke samu. Baban Fiddausi mutumin kirki ne, amma ba shi kaɗai zai yi mulki ba, kuma ya daɗe ba ya gida. Ko zaɓen fid da gwani bai ci ba tukuna. Mai yiwuwa ma wannan magana ta kayar da shi, a ce an ɓata tsakanina da ke a kan abin da ba zai taɓa faruwa ba.

Da muka dawo gida na tambaye shi ko ya san shagon wa ke layin nan. Ya ce ya sani tun ranar da Usaini ya turo hoton, har allon sunanki ya fito a ciki. Na ce me ya hana shi gaya mini. Ya ce ya yi ta neman wata hanyar da ruwan zai bi ne, ya auna ta gabas ya auna ta yamma, bai samu ba, kuma kunya ta hana shi buɗe baki. Mun yi kwanaki ba ma magana sai abin da ya zama dole. A cikin kwanakin ne ya kai takardar barin aiki. Shugabansa ya yi ta ba shi baki, shi kuwa ya ce masa khalas, wato ya gama. Kin ga zamanmu a ƙasar nan a kan takardunsa yake, shi ne kafil ɗinmu ni da yara, wato da sunansa aka ba mu izinin zama. Sai da na yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, bayan na tashi daga aiki, kafin aka mayar da mu ƙarƙashin asibitinmu. Za mu bar gidan nan mu koma ƙarami. Zan zauna da yara har Fiddausi ta gama jarrabawa, abin da ya biyo baya sai yadda Allah ya yi.

Ban hana shi tafiya ba. Na duba na ga idan na tsare shi a nan, gangar jiki kawai zan tsare. Kuma idan na tuna Inna a kan ƙyaure, na tuna cewa ke ma duk damina sai kin ɗora kayan mutane a kan tebur kina kwarfe ruwa da bokiti, ba na iya cewa ƙarya yake yi. Amma na kafa masa sharaɗi. Na ce idan ya sauka, kafin ya je gidan kowane ɗan siyasa, kafin a manna hotonsa a ko'ina, ya fara zuwa shagonki da ƙafarsa, ba tare da 'yan rakiya ba, ya zauna ya faɗa miki da bakinsa. Sannan na ce masa: “Ranar da katafila ta zo ba a ba Yaya makullin sabon shago ba, a cikin tsohon za ka same ni a zaune, sai ka ba da umarni.” Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce ya ji, kuma ya ɗauka.

Farkon watan gobe zai iso. Idan ya zo ki ba shi wurin zama, ki faɗa masa duk abin da ke ranki, kada ki rage komai saboda ni. Ki tara sauran masu shagunan layin idan kin ga dama, su ma su faɗi nasu. Ba na roƙonki ki zaɓe shi, Yaya. Ni da nake matarsa ma da zan samu dama ban san inda zan dangwala ba. Abin da na sani shi ne ke kika goya ni bayan rasuwar Umma, kuma babu kujerar da za a ba wani a duniyar nan da za ta sa in tsaya a ɗaya gefen titi ina kallo.

Ki gaida mini Kawu Abdul-Ganiyu da iyalinsa, ki ce ina nan ina yi masa addu'ar samun sauƙin idonsa. Ki gaida Usaini idan kun haɗu, kada ki riƙe shi a rai, aike kawai aka yi masa. Ina gaida yara duka da 'yan matan da ke koyon ɗinki a wurinki. Fiddausi da Abdulhakeem suna gaishe ki da kyau. Ki sa mu a addu'a, ni dai a roƙa mini hutu da natsuwar zuciya. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Sakinatu