Rake Bai San Jam'iyya Ba

Kudan, Janairu 1963

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Yaya Kulu da yara da duk mutanen Ikara. Mu nan jiki lafiya, sai dai hankali.

Yaya, an kama Malam, maigidana. Ranar kasuwar Makarfi 'yan jam'iyyarku suna lacca a kan mulkin kai, shi kuma ka san bakinsa ba ya ajiye magana. Ya ɗaga murya ya tambaya wai kan wa ake nufi, tunda nasa kan har yau kaya yake ɗauka. Mutane suka kwashe da dariya. Kafin la'asar an sa masa ankwa, wai ya zagi ƙasa.

Abin da ya fi tayar min da hankali rake ne. Ana gobe za a kama shi aka yi gayya aka sare fadamar kaf, ga shi nan jibge a ƙasa. Mamuda kaɗai ke da injin matsa da doki a nan, kuma layi ya zo kanmu, amma ya aiko wai ba zai dafa mazarƙwailar maci amanar ƙasa ba. Tsoro ne kawai, wallahi. Kai ne sakataren jam'iyya, kalma ɗaya daga bakinka ta ishe shi. Raken nan shi ne hatsinmu na bana, shi ne suturar yara. Don Allah, don zumunci.

A gaida kowa.
Ƙanwarka, Ummuhani

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Yaya Kulu? Allah ya ƙara sauƙi.

Amsarka ta iso. Haba Yaya! Na roƙe ka kalma ɗaya, ka aiko min da lacca. Ka ce ƙasa jaririya ce, ba a jijjiga jariri, sai Malam ya koma inda ya yi maganar ya janye ta a gaban jama'a kafin ka sa baki.

To, na taka har Makarfi na gan shi. Ya rame, amma taurin kan yana nan. Shi ma kishin ƙasar ya karanta min, wai in an kori Bature amma talaka bai isa ya yi tambaya ba, me aka kora? Har jijiyar wuyanku iri ɗaya take tashi. Ku da kuka yi karatun allo a zaure ɗaya! Ni ban san wa ya fi wani son ƙasar nan ba. Abin da na sani, bakin raken ya fara ja, ƙudaje sun taru, kuma rake bai san jam'iyya ba.

Na durƙusa masa, na yi kuka, na kira masa sunan yara ɗaya bayan ɗaya. Ya juya fuskarsa bango. Ban san abin da zan ƙara yi ba, Yaya, na rasa inda zan sa kaina.

Ki huta lafiya, in ji yara ga Yaya Kulu.
Ƙanwarka, Ummuhani

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Ina gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya.

Na san labari ya riga wasiƙata. Malam ya yi abin da kuke so. Sun ɗora shi kan benci tsakiyar kasuwa, ya ce suɓutar baki ce, aka ce ba a ji ba, ya maimaita da ƙarfi. Waɗanda suka yi masa dariyar jin daɗi rannan, su ne suka yi masa ta ƙeta. Daga nan aka sake shi, muka dawo gida.

Washegari sai ga Mamuda da dokinsa, baki har kunne. Aka matsa damin farko, ruwan ɗan kaɗan, aka dafa har itace ya ƙare, ya ƙi daskarewa. Aka gwada na biyu, tsami kamar tsamiya. Malam yana tsaye yana kallo. Ya ɗanɗana, ya tofar, ya shige ɗaki.

Tun ranar daga masallaci sai ɗaki. Mutumin da ko da rediyo gardama yake yi, yanzu in na kai masa tuwo sai dai ya gyaɗa kai. Bai zarge ni ba, kuma da ya zarge ni da na fi samun sauƙi. Ni na roƙe shi ya ba da bakinsa a bakin rake, ga shi babu raken, babu bakin.

Na ji ka ce za ka zo ranar Juma'a ka yi masa barka da dawowa hanya. Don girman Allah kada ka zo. Zai tashi ya shimfiɗa maka tabarma, ya ce ya gode, kuma ba zan iya tsayawa in ji wannan ba.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarka, Ummuhani