Zungurun Kaka a Kududdufin Kwata

Kaura Namoda,
Ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Ummulkhairi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da duk mutanen Zurmi. Ya ruwa? Mu nan lafiya lau. Da waya na aiki da tuni na kira ki na yi kukana na huta, to tun da aka yanke sabis sai takarda, shi ya sa na ba direban Zurmi wannan.

Saƙon Inna ya iso daga Shinkafi, an sa ranar ƙanwarmu Sadiya ƙarshen watan gobe, kuma in aika da zungurun Kaka, dogon duman nan na ƙunshi, kafin sa lalle. Kin san dokar gidanmu, amaryar da ta zura hannunta cikinsa daga ƙarshe ita ke riƙonsa har a sa ranar ta gaba. Kaka ta yi ƙunshi da shi a Badarawa, Inna ta yi, su Gwaggo sun yi, kin yi kin miƙo mini. Yaya, yanzu haka zungurun yana manne a ƙarƙashin jirgin maigidana Malam Jalaluddeen.

Kin tuna ɗan jirgin saman da ya haɗa da hannunsa, mai farfela da batir, wanda yake tuƙawa da rimot yana nuna wa ɗalibansa? Tun da damina ta zauna filin makarantar ya koma taɓo, tayoyin sai su kafe. Shi ne ya ce zai cire tayoyin ya yi wa jirgin ciki irin na kwalekwale, ya riƙa tashi daga kan ruwa yana sauka a kan ruwa.

Wata ranar Juma'a na fito daga kicin na tarar ya sauko da zungurun daga inda na rataye shi, yana shafa shi a hankali yana juya shi a hasken taga. Zuciyata ta narke. A littattafan da nake karantawa haka miji ke yi in ya tuna daren aurensa. Da ya ce in ara masa, ko tambayar dalili ban tsaya yi ba. Ashe tsawonsa ya gani, da rashin nauyinsa.

Ya toshe bakin da farin soson nan da ake zuba kayan lantarki ciki, ya bi shi da gam mai warin da ke hau mini kai. Bahon wankina ya zama wurin gwaji. Jiya har cikin randa na kama shi yana tsoma ƙananan gorunan da zai ɗaura ƙarƙashin fukafukai, sai da na zubar da ruwan na wanke randar sau ba adadi, kuma har yanzu in na sha sai in ji ɗanɗanon gam.

Ya rantse ba zai huda shi ba, ba zai yanka ba, gwaji ɗaya zai yi ya ɓanɓare ya ba ni abina. Don Allah in kin je Shinkafi ki ce wa Inna ina jiran wanda zan amince wa ne ya kai. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Samira.


Kaura Namoda,
Ranar Lahadi.

Yaya Ummu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin Mubashir ya sauka, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga amsarki, kuma na karɓi faɗan, na cancanta. Shawararki ta in sayi wani a ɓoye ba za ta yiwu ba. Kasuwannin mako ba sa ci yanzu, ban san inda zan ga mai duma ba, kuma ko na samu, Gwaggo Tabawa ta san zanen da Kaka ta yi da wuƙa a wuyansa kamar yadda ta san tafin hannunta.

An yi gwajin. Da Malam ya ce in shirya in raka shi bakin ruwa, sai na saka leshina ruwan hoda, na fesa turare, na ɗauki tabarma da kunun aya. Na zaci wani wuri zai kai ni mai bishiyoyi da iska mai sanyi, mu zauna yana kallona. Yaya, kududdufin bayan kwata ya kai ni, wai nan ne kaɗai ruwa mai faɗi wanda ba ya gudu.

Ban san da wace kalma zan rubuta miki shi ba. Ruwan kore ne mai kauri, gansakuka ta rufe gefensa, leda ko'ina. Nan mahauta ke wanke tumbi da hanji, akwai wata 'yar hanya da jini ke biyowa ya shiga ciki. Ungulaye a jere kan katanga. Ga wata kaza da ta kumbura tana yawo ƙafafu sama. Ƙudaje suka bar komai suka bi turarena. Ina tsaye da gyale a hanci na ga mijina, malamin makaranta, ɗan alƙali, ya naɗe wando ya shiga har gwiwa ya ɗora zungurun da hannun Inna ya kwana a ciki kan wannan ruwan.

Jirgin bai tashi ba. Ya yi ta gudu a kan ruwa yana ƙara kamar injin markaɗe, yana watsa ƙazanta, ya kewaya kazar ya dawo. Mahautan suka bar aikinsu suka zo kallo, ɗayansu ya tambaye shi ko nawa ne kuɗin mota zuwa Jidda, wani ya ce agwagwa ma ta fi shi zuciya. Har ni suka gaishe da matar direba.

A hanyar dawowa ya yi mini bayani, fuskarsa cike da murna kamar ba shi aka yi wa dariya ba. Wai gindin zunguru sumul yake, ruwa na riƙe shi ba ya saki. Jiragen ruwa masu tashi ana yi musu ɗan mataki a ƙasa, kamar dakali, don iska ta shiga ruwan ya sake su. Sai ya ce da zan yarda ya ɗan rage gindin kaɗan. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, a tsakiyar titi. Ya haƙura, ya ce zai fafe soso ya manna daga waje, amma sai an sake gwaji.

Na jefar da takalman da na je da su. Kunun ayar ma ban iya sha ba.

Taki,
Samira.


Kaura Namoda,
Ranar Alhamis.

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Wannan takarda tare da Malam za ta taho, zai ajiye miki ita a Zurmi ya wuce Shinkafi.

Jirgin ya tashi. Ban yi niyyar komawa wurin ba, amma na kasa barin zungurun ya tafi ba ni. Ya yi gudu kaɗan, ya ɗaga hanci, sai ga shi sama ruwa na ɗiga daga cikinsa. Ya wuce kan ungulayen suka watse, ya yi kwana a saman rufin kwata rana na haska shi. Ba zan ɓoye miki ba, na manta da gyalen da ke hancina. Mahautan da suka yi masa tsiya su ne masu kabbara. Ya sauko a hankali ya zauna kan ruwa kamar tsuntsu.

A nan batir ya ƙare, a tsakiyar kududdufin. Kafin a samo doguwar gora a jawo shi, gam ɗin bakin ya saki, ruwa ya cika zungurun, ya nutse har fukafukai.

Bai fashe ba, ko tsagewa bai yi ba, Malam ya cika alkawarinsa, har yana nuna mini kamar in gode. Amma kin san cikin duma, shan ruwa yake kamar tsumma. Na wanke da toka, na wanke da lemun tsami, na cika shi da yashi mai zafi, na shanya, na kifa shi kan kasko har turaren wutana na aure ya ƙare. In ya bushe sai ka ce ya tafi. Shekaranjiya na kwaɓa lalle na zura hannuna don in gwada. Da ɗumi ya kama shi sai warin ya taso. Lallen ya kama ja wur, kyakkyawa, hannun kuma warin tumbi yake. Da hagu nake cin abinci da cokali, Allah ya yafe mini.

Na yi tunanin in zuba masa humra in aika in yi shiru. Sai na tuna Sadiya za ta kwana da hannunta a ciki, ƙawayenta kewaye da ita, gobe a kai ta ɗakin miji. Ba zan yi mata haka ba. Na ce wa Malam shi zai kai da kansa, ya durƙusa gaban Inna da su Gwaggo ya faɗi inda ya tsoma shi. Ni ban da fuskar da zan je da ita.

Ki yi mini addu'a.

Samira.


Kaura Namoda,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Yaya Ummulkhairi,

Assalamu alaikum. Ya gajiyar biki? Ina fatan kun koma Zurmi lafiya. A wurin biki ba mu samu keɓewa ba, kin ga yadda na maƙale a bayan tukwane.

Ke ba ki nan ranar da Malam ya je, ga yadda Sadiya ta ba ni labari. Su Gwaggo sun karɓi zungurun suna miƙa wa juna, kowace ta kai hanci ta kawar da kai. Gwaggo Tabawa ta tambaye shi ko a makarantar tasu ba a koya musu bambancin kayan amare da kayan masunta. Inna kuwa ta shafa zanen da Kaka ta yi a wuyansa, ta naɗe zungurun a zane ta sa ƙarƙashin gado. Wannan ya fi mini duka ciwo. Ko da na je biki ba ta tayar da maganar ba, ta dai dubi hannuna ta kau da ido.

Sadiya da leda aka ɗaure mata hannu kamar kowa. Ta ce ita ko a jikinta, dama tana tsoron abin zai matse ta. Na san don ta kwantar mini da hankali ta faɗa. Yanzu a gidanmu ni ce wadda zungurun ya ƙare a hannunta, kuma haka za a riƙa faɗa wa 'ya'yan da ban haifa ba tukuna.

Hukuncin da su Gwaggo suka yanke shi ne, an aiko da irin duma daga Badarawa, Malam ya shuka da hannunsa, ya yi ban ruwa har rani, ya fafe sabon zunguru kafin a sa ranar Ramatu ɗiyar Kawu. Na zaci zai ji kunya. Tun da ya dawo yake fara'a. Ya kafa rumfa a bayan ɗakina don 'ya'yan su rataya su miƙe sambal, ya haƙa ramuka tun daga bakin rijiya har katanga. Na ce zunguru ɗaya aka ce. Ya ce ai ba a san wanda zai yi kyau ba, sannan ya tambaye ni, yana kallon gefe, ko duma na iya kai tsawon mutum.

Na ajiye littafin da ke hannuna na gaya masa a fili, na farkon da ya ƙosa ni zan tsinke shi, kuma a ɗakin Inna zai bushe. Sauran ya yi yadda ya ga dama da su, amma ba a bahona ba, ba a randata ba, kuma ya nemi wani ya raka shi kwata.

Ki gaida maigidan da yara. In kin samu lalle mai kyau ki ajiye, ni na haƙura da ƙunshi bana.

Ƙanwarki,
Samira.