An Karɓe Ajina

Yaya Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara? Ya ƙafar taki, da sauƙi? Mu nan unguwar Malam Inna lafiya.

Kin san da muryar kwamfuta nake shigar da makin ɗalibaina. To, tun da kamfani ya sabunta manhajar makarantarmu, muryar ba ta faɗin komai sai "maɓalli, maɓalli." Shugaban makaranta ya ce in ba zan iya ba, akwai masu ido.

Mu makafin malamai muka je ofishin kamfanin. Manajan ya shanya mu a rana, da ya fito ya ce, "Malama, duka-duka ku nawa ne? Ba za mu sake aiki saboda ku ba." Sannan ya sa aka jera mu aka ɗauki hoto. Washegari maƙwabciyata ta ga hoton a shafinsu na intanet, wai sun tallafa wa nakasassu. Ran Litinin aka karɓe ajina.

Za mu koma kamfanin, ki taya mu da addu'a. Ki gaida kowa. In kun yi waya da Inna kada ki faɗa mata; har yanzu kullum da safe tana raka ni bakin titi.

Ƙanwarki,
Hajara